Robar Ƙirjin Ekema

Buea, ranar Lahadi

Zuwa ga Mamana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar taki, yaya zafin Limbe? Mu nan lafiya lau, in ban da autanki Ekema.

Kin san tun da ya ƙwallafa rai a kan tseren hawan dutsen bana ba ya jin kira. To, kocinsu ya zo da sabon salo, wai naman da ke jawo numfashi shi ma sai an horar da shi kamar na cinya. 'Ya'yan masu hali sun sayi wata 'yar na'ura da ake zuƙa a zaune. Naki ɗan kuwa tsohon tubun taya ya yanka ya ɗaure ƙirjinsa tamau, yana gudu yana jan iska ta kwanson biro. Na ce masa ko buhun gawayi ba a yi masa wannan ɗauri. Ya ce, "Yaya, ke dai ki ji da gashin ayabarki."

Gaskiya da farko abin ya karɓe shi, har ya fara barin abokansa a baya. Amma tun da ruwa ya dake shi a saman dutse yake wani tari da ban so ba. Jiya na dafa kwakoko, alalen gwazan nan da yake so, ya ci loma biyu ya ture. Ekema fa, Mama!

Ki gaida mutanen gida.

'Yarki,
Limunga

Buea, ranar Alhamis

Mama,

Ina gaisuwa, ina fatan jikin da sauƙi. Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa, hankalina ba a kwance yake ba.

Maƙwabciyarmu Enanga, mai aikin jinya, ta saurari ƙirjinsa. Ta ce huhunsa ya kamu, asibiti ya kamata ya nufa, ba dutse ba, domin can sama iska ba ta isar mai lafiya ma. Kocin da kansa ya zo ya ce ba haka ya koyar ba, Ekema ya haƙura sai baɗi. Ɗanki ya yi musu godiya, suna fita ya hau wanke takalmin gudunsa.

Abin da ke ba ni tsoro, ya daɗe yana koya wa kansa cewa in numfashi ya yi wuya, ƙarfi ne ke shiga. Yanzu ciwo na yi masa magana, shi kuwa murna yake yi.

Yau da safe na jefa robar da kwanson a murhu, na tsaya ina jiran masifa. Sai ya yi dariya, leɓensa ya yi duhu, yana hutawa tsakanin kalma da kalma. Ya ce, "Kin makara, Yaya. Na wuce roba. Yanzu ƙirjin da kansa yake ɗaurewa."

Jibi ne tseren. Ke kaɗai yake jin nauyinki. Don Allah ki hau motar farko gobe, ko da gwiwar na ciwo.

'Yarki,
Limunga