Ban Kama Hannunta Ba

Zango, Zinder, ranar Talata

Yaya Aliya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da mutanen Hamdara duka. Yaya ƙafar taki? Na ba Alkasum direba wannan takarda don bakina ba zai iya faɗa a waya ba.

Ɗiyarki Ummul Khairi na kwance a babban asibiti tun jiya, cikin wata bakwai, jijjiga ta kama ta. Ashe ba ta taɓa zuwa awo ba. Mijinta Mutari ya ce ta ƙi, wai ɗakin awon unguwarsu ni ce ungozoma a ciki, ina za ta sa fuskarta?

Yaya, shekara goma sha tara ina auna tansiyon matan mutane, wato hawan jini. Mai cikin wata uku ta zo, in duba jininta da fitsari, in tambaya ko uwarta ta yi jijjiga, in ta ce i, mu fara mata ƙwaya tun da wuri. Har faɗa nake wa masu makara. To, ni na yi jijjiga ranar da na haifi ita Ummul Khairi, ke kika riƙe ni. Ban taɓa gaya mata ba. 'Yar fari ce, ina zan fara? Na ga cikin tun da ƙaramar salla na kau da kai. Na ga zobe ya nutse a yatsanta, abin awon yana cikin jakata, kunya ta hana ni kama hannunta. Mutane na yabon kawaicina, ni kuwa ina jin daɗi.

Ki sa ta a addu'a.

Ƙanwarki,
Zuliha

Ranar Juma'a

Yaya,

Ina gaishe ki, ina fatan kin tashi lafiya. An yi mata aiki. Namiji ne, bai zo da rai ba, Mutari ya kai shi makwanci shekaranjiya. Ita ta farfaɗo da hantsin yau, amma ganinta dishi-dishi, likita bai yi mana alkawari ba.

Tana ta laluben gefen gado tana tambayar jaririn. Mutari ya kasa gaya mata, ya fita yana kuka. Kowa ni yake kallo, tunda aikina ne.

Na tsani kaina, Yaya. Shekararta ashirin da biyu, ban taɓa zama na yi hira da ita ba. Yanzu zan shiga, kuma wannan ce maganar da zan fara yi mata.

Ki taho, don Allah.

Taki,
Zuliha