Tsagar da Na Liƙe da Siminti

Daren Laraba, Thamesmead.

Gobe zan san ko ina da sauran aiki.

Shekara shida ina gadin tsohon gidan nan da ya manne da ofisoshin kamfanin giya na dā. Ruwa yana shiga ta wata tsaga a mahaɗarsu. Na yi report har na gaji, sai na kwaɓa siminti na liƙe. A garinmu, wanda ya bar bangonsa a tsage shi ake zagi.

Yau Madam manaja ta zo da architect, masanin gini. Ya shafa wurin kamar mai ta'aziyya. Wai gidan listed ne, wato na tarihi da doka ke karewa, da farar ƙasa aka ɗora jan bulon, siminti zai tare danshi ya cinye shi.

"Sani, wa ya sa ka?" in ji Madam.

Ba kowa. Amma da nake ƙorafi, wa ya kula ni?

Sai dai mutumin ya san aikinsa. Ya nuna mini inda bulon ya fara marmashewa, na gani da idona.

Ba su san na liƙe wata tsagar a cellar ba, ɗakin ƙarƙashin ƙasa, bayan boiler mai ɗumama ruwa, ta fi wannan tsawo. In na yi shiru, ba mai gani sai bango ya ruɓe.

Da safe ni zan kai architect ɗin wurin da kaina. In kora ce, a kore ni.