Dukan da Na Yi wa Injin Finbol

Daren Asabar, unguwar Danau Kota, nan ƙasar wajen da nake karatu

Barci ya ƙi zuwa, gara in rubuta. Yau Sadiku, abokin ɗakina, ya ja ni wani shagon wasanni in ga sabon injin finbol, wanda ake harba ƙwallon ƙarfe a ƙarƙashin gilashi. A kan wani fim na fashin jirgin ƙasa aka ƙera shi. Har ɗan jirgi suka sa a ciki, yana zagaye da fitilu, ya haɗiye ƙwallon ya tofo shi ta wani gefen. Mai shagon ya ce kala uku ne, mai arahar ma ya kai kuɗin ƙaramar mota. Wai fenti da lasifika ne kawai suka bambanta su. Raina ya sosu, amma yatsuna sun ƙi barin maɓallan.

Can sai ƙwallon ya maƙale. Na ɗirka wa injin duka a gefe, yadda Baba yake yi wa talabijin ɗinmu a Fagge. Nan take wasan ya mutu.

"Malam, ka kashe mu," in ji Sadiku.

Mai shagon ya yi dariya, ya buɗe cikin injin ya nuna min. Ashe ɗan ƙarfe ne a rataye tsakiyar zobe. Da an girgiza injin, ya taɓa zoben, shi ke nan.

Wata huɗu ina neman yadda na'urar bincikena za ta gane girgizar injin ban ruwa ba tare da kayan tsada ba. Farfesan da ke duba aikina har ya rage amsa saƙona. Ashe amsar tana rataye a cikin zoben nan. Litinin da sassafe ina bakin ofishinsa da zanen wannan dabarar.

Injin ya kai kuɗin mota, amma abin da na ɗauko a cikinsa bai kai kuɗin kofi ɗaya a wurin mamak, masu shayin garin nan, ba.