Ƙarshen Labarin da Kika Ba Ni a Hanyar Madawa

Zuwa ga uwargidana Hajjo,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke cewa mu nan Tama muna lafiya, irin lafiyar tsofaffi. An kwashe albasa, ta yi kyau bana, rudu biyu na ajiyarta muka cika. Ɗiyarmu Baraka ta koma ɗakinta a Tawa bayan sadakar arba'in. Akuyarki ta haifi biyu, kuma har yanzu in na kai mata dusa sai ta leƙa bayana ta ga ko kina tafe.

Shekara talatin na yi ina koya wa ɗiyan mutane rubuta wasiƙa a lakwal, makarantar boko, har kowa ke kirana Mushe, wato malam, ban taɓa rubuta miki ko guda ba. Ga ta farko, kuma wasu ne za su karanta. Su karanta. Akwai abin da na ɓatar wanda ba nawa ba ne, gara a sani.

Kin tuna zuwanki Tawa haihuwar Baraka ta uku? Kin dawo da turmin atamfa, da ciwon ƙafa, da fushi. Na ɗauka surukinmu ne ya yi miki wani abu. Ashe fim kika gani a telen gidansu, na wasu halittu da suka sauko daga sama za su ci duniya, soji suna ta harbinsu a banza. Kwana uku kina mita. "Awa biyu ana harbi, Mushe. Ba wanda yat tsaya yad dubi abin nan, mi shika ci, ina shika kwana, mi shika gudu." Na ce miki fim ne na Turawa, ba a yi shi don a yi tunani ba. Kika ce to ke za ki gyara musu shi.

Ban ɗauka da gaske kike ba. Amma ai na san ki. Ke ce ba kya bin fara da rana, sai ki tashi mata da asuba lokacin da sanyi ya ɗaure mata fukafukai, ki cika buhu. Ke ce kike zuba toka cikin wake ki liƙe bakin tulu da laka, ƙwari su mutu ba ki taɓa ko ɗaya da hannu ba. Ban taɓa ganin kin yi faɗa da abin da ba ki zauna kin kalla ba tukuna.

Da aka fara cire albasar farko cikin ɗari, mata suka zauna ƙarƙashin tsamiyar garka suna yanke lawashi suna daka shi a yi gabu, sai kika buɗe musu labarinki. Tsahara, aminiyarki, taubashiyata wadda ba ta taɓa raga mini ba tun muna ƙanana, ta ce haba Hajjo, tatsuniya da rana tsaka? Kika ce, "Wagga ba tatsuniya ba ta, fim na. Fim ko da rana ana kallo nai." Aka yi dariya, aka ba ki fili.

Ni ina gefe, wai ina duba injin ban ruwa. Injin lafiyarsa ƙalau.

Baƙin naki a kan dutsen da ke gabas da gari suka sauka, cikin wani abu kamar kaskon tuya da aka kife. Dogayen wuya gare su irin na zalɓe, ba baki, ba gashi. Ba su kashe kowa ba. Ruwa suka zo ɗauka. Kowace safiya rijiyoyin fadama su ƙara nisa, guga ta dawo da laka, albasa ta kwanta. Soji suka zo daga Tawa, bindigoginsu suka narke kamar man shanu a rana. Aka yi rubutu aka wanke aka yayyafa, baƙin suka shanye. Mai gari ya aika musu da rago na barka da zuwa, suka maido shi da ransa, an aske shi tas. Ranar da kika faɗi wannan, sai da Tsahara ta yanke yatsa don dariya.

Sai kika kawo Gwamma, tsohuwa mai sayar da gabu, wadda ba wanda ke shawara da ita. Ita ce take hawa dutsen kullum, ta zauna nesa da kaskon tana tsinke, tana kallo. Kwana tara kina jan labarin. Ran na tara kika ce Gwamma ta ga abin da baƙin suke ɓoyewa, ta rufe bakinta da gyale don kada su ga tana murmushi, ta fara saukowa. Nan kika tsaya, kika kakkaɓe zanenki. Mata suka yi ta roƙo, kika ce sai kin dawo daga likita.

Ciwon kai ne kawai, Hajjo. Kin saba yin sa. Ni a zatona za a auna jininki a Madawa, a rubuta magani, mu biya kasuwa mu dawo kafin la'asar.

Direban motar tsohon ɗalibina ne, ya ba mu gaba. Lokacin gasar kokowa ta ƙasa ne, wadda ake cin takobi, ya kunna rediyo, kuma ranar ɗan kokowar Tawa ne zai shiga fili. Muna fita gari kika taɓa mini gwiwa kika ce bari ki ba ni ƙarshen labarin Gwamma. Na ce to.

Kin san wannan "to" ɗin. Shekara arba'in da ɗaya kina jin sa. Da shi na amsa maganar rufin ɗaki, da ta auren Baraka, da ta mafarkinki, da ta ƙanenki da ya tafi Abidjan bai dawo ba. Na iya ajiye shi daidai inda kika ja numfashi, har mai kallo ya rantse ina saurare.

Kin yi magana tun daga mararraba har muka hango gidajen Madawa. Na tuna hannunki yana motsi a gefen idona. Na tuna kin haɗa babban yatsa da manuni kina nuna wani abu ƙarami. Na tuna kin yi dariya wuri biyu. Da kika gama kika ce, "Mushe, ka ji?" Na ce, "Na ji."

A bencin likita, kafin a kira sunanki, bakinki ya karkace. Kwana huɗu kika yi kina kallona, harshe bai sake tashi ba.

Kokowar kuwa, in an tambaye ni yau zan faɗi yadda aka kama, da ƙafar da aka fara ɗagawa, da abin da mai sharhi ya ce. Namu ne ma aka kayar.

Mata sun yi mini kara. Ba wadda ta tayar da maganar a zaman makoki, ko bayan arba'in. Sai da aka shiga babbar albasa, suka koma ƙarƙashin tsamiya, wurin zamanki ba kowa, sannan Tsahara ta tare ni a bakin garka. Ta ce ba su iya aiki a wurin nan, kowa ta ɗauki wuƙa sai ta tuna an bar Gwamma a tsakiyar hanya. "An ce ta ba ka ƙarshen cikin mota. Ka zo ka hwaɗa muna, mu huta."

Na ce sai na natsu. Na je na sami direban a tasha, na kewaya, na kewaya, sannan na tambaye shi ko ya ji abin da kike faɗa. Ya sunkuyar da kai ya ce, wallahi Mushe, kunnena na ga rediyo. Ban iya yi masa faɗa ba. Ni na koyar da shi.

Mako biyu ina neman lagon baƙinki. Na zauna da kaye, littafin rubutuna, da alƙalami kamar mai shirya jarrabawa. Matan ma ashe kowa da nata: wata ta ce gishiri ne, wata ta ce warin gabu, matar liman ta ce kukan jaki. Na gwada sanyin asuba, na ga kin riga kin yi wa fara shi, ba za ki maimaita ba. Na yi ta haɗa yatsuna biyu yadda kika yi, ina duban tsakaninsu. Ƙwayar gero? Cinnaka? Ƙofar allura? Ba abin da ya zo.

Daga ƙarshe na ƙaga nawa. Ki yi haƙuri, ga abin da na je na faɗa musu da sunanki.

Na ce abin da Gwamma ta gani shi ne baƙin ba sa jin muryar mata. Tun suna sama suka leƙo suka ga maza ne ke magana a fada da masallaci da kasuwa, sai suka gyara na'urar jinsu a kan muryar maza kaɗai. In mace ta yi magana, su a wurinsu iska ce ke kaɗawa. Shi ya sa duk shirin da soji da mai gari suka yi, kafin a tashi sun sani. Gwamma kuwa ta tara mata a gindin kaskon, a gaban idonsu, suka yi shawara da babbar murya. Ta nuna musu ƙananan kafofin da kaskon ke shan iska ta cikinsu. Washegari kowace ta hau da tulun ruwa a ka kamar mai kawo gaisuwa, da curin laka da toka a cikin zane, suka bi kafofin nan ɗaya bayan ɗaya suka liƙe, yadda ake liƙe rumbu. Kafin azahar baƙin suka fito suna layi, suka amayar da ruwan fadama, suka roƙi a buɗe musu kafa guda su tafi.

Na faɗe shi da kyau, Hajjo, ban yi miki ƙarya a nan ba. Har na kwaikwayi tafiyar baƙin. Ƙananan matan suka yi guɗa. Matar liman ta share hawaye ta ce Allah Ya jiƙan Hajjo, ita kaɗai ke iya wannan.

Tsahara ba ta daina yankan lawashi ba. Sai da guɗar ta lafa ta ce, ba ta ko ɗago kai ba, "Ya yi daɗi, bawana. Amma ba nata ba na."

Na ce ta yaya ta sani, tana cikin motar ne?

Ta ce, "Shekara arba'in muna daka turmi guda da ita. Kowa cikinmu ta kawo ƙarar mijinta ƙarƙashin iccen ga, har da ni, har da matar liman. Hajjo ba ta taɓa kawo taka ba. Wadda ba ta yi da bakinta ba, ba ta yi cikin labari. Wanga na mai neman gahwara na."

Na tsaya da hulata a hannu, a gaban mata goma sha wani abu, waɗansunsu ni na koya musu baƙaƙe. Na faɗa musu komai, da rediyon, da kokowar, da "na ji" ɗin. Ba wadda ta zage ni. Da sun zage ni da na fi samun sauƙi.

Da yamma Tsahara ta kawo mini tuwo, ta zauna a bakin ƙofa inda take zama in ta zo wurinki. Ta ce akwai abin da ta so ta bar wa cikinta, amma tunda na faɗi nawa za ta faɗi nata. Ana gobe za mu tafi Madawa ta matsa miki ki ba ta ƙarshen, ita kaɗai, ta yi rantsuwa ba za ta faɗa wa kowa ba. Kika ƙi. Kika ce Mushe za ki fara ba, don shi ne mai alƙalami. Kika ce kina so in rubuta miki shi tun daga farko a takarda, da sunanki a sama, Baraka ta karanta wa ɗiyanta. Kika ce kin daɗe kina jin nauyin tambayata, amma a mota ba ni da wurin gudu.

Ashe ina da shi.

Na rubuta, Hajjo. Na bi matan ɗaya ɗaya, kowace ta ba ni abin da ta riƙe, na jera kwana taran nan yadda kika faɗe su, da ragon da aka aske, da komai. Sunanki na sama, da manyan baƙaƙe. Ya tsaya inda Gwamma ta rufe baki da gyale ta fara saukowa. Nawa ƙarshen ban sa shi ciki ba. Baraka ta ce in sa, yara ba sa son labari marar ƙarshe. Na ce ta faɗa musu kakarsu ta san yadda aka yi, kakansu ne bai saurara ba. Wannan ma abin sani ne.

Don haka baƙinki suna nan kan dutse har yau, ba wanda ya kore su. Wani lokaci in na fito daga masallaci da safe nakan dubi wajen.

Ban sani ba ko kin gane a ranar cewa ban ji ba. Ina zaton kin gane, don ba a ɓoye miki irin wannan. Kwana huɗun nan da kika yi kina kallona, na yi ta ba ki ruwa da cokali ina gyara miki matashi, ban ce miki komai a kai ba, ina jira ki warke. Yanzu nake faɗa. Ban ji ba, Hajjo. Ki yafe mini wannan, da sauran na shekara arba'in da ɗaya.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata makwancinki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi. Allah Ya saka miki haƙurin da kika yi da ni wanda ko aminiyarki ba ki bari ta gani ba. Ya raya Baraka da ɗiyanta. In tawa ta zo, Allah Ya sa in cika da imani, Ya haɗa mu a inda ba a gaggawa. In kin ga dama a can ki sake faɗa mini. In ba ki ga dama ba, ba zan ce kin yi laifi ba.

Wassalam.

Mijinki,
Mushe Garba, Tama