Jan Hauren Zaliha

Yamai

Gwaggo Sa'a, salamu alaikum. Ina gaida mutanen Garhanga duka.

Na kai Inna wajen lokotoron haƙora kan hauren gaban da jaki ya hidda mata. Ya ce hanya biyu ce. Ko gada: a kankare haƙora biyu na gefen giɓin, a ɗora farare uku a jere, a gama kafin bikin Munira. Ko dashe: a kafa ɗan ƙarfe cikin ƙashi, a jira watanni ya kama. Na zaɓi gada. Inna ta tashi ta fita.

Tun da ta yi giɓin nan ta bar guɗa, ko dariya sai ta rufe baki. Yaya za a kai jikarta ɗaki babu guɗarta? Don Allah ki lallashe ta.

Ɗanki, Imrana

Garhanga

Imrana, muna amsawa, lahiya lau.

Kai, lakwal, makarantar bokon nan, ta cinye ma kai! Tun tana amarya innarka Zaliha ke goga huren taba da goro, har haƙoranta sunka yi jan da duk ƙasar Keita babu irinai. Su za a kankare? A jera mata farare uku kamar ƙwan zabi cikin jan tonkan miya? Wallahi na ji haushinka.

Dashe za a yi, kuma ka ce ma lokotoro shi rina shi. Biki kuwa, na tahi gidan su ango na shimhiɗa tabarma, na ƙi tashi sai da sunka ɗaga shi zuwa bayan cirar albasa.

Allah shi yi ma albarka. Sa'a

Yamai

Gwaggo, barka da aiki.

Ƙarfe ya kama. Lokotoro ya yi dariya har da hawaye, sa'annan ya ɗauki hoton bakinta ya aika wa mai yin hauren. Ana kawowa Inna na mayarwa, wai jan bai nuna ba. Jiya ta karɓa. Gobe zan sa ta kar, motar Garhanga, ni aikin sarwis ya hana ni zuwa.

A huta lafiya. Imrana

Garhanga

Ɗan nan, ina gaisuwa.

An kai amarya. Na buɗe baki na rangaɗa guɗa har awaki sunka watse. Daɗi kamar shi kashe ni! Mata sunka taru a kaina, wai sai sun ga hauren Yamai. Farida, ɗaya cikinsu, ta leƙa, ta leƙa, ta rantse ta gane shi, ta ɗora yatsa bisa wanda Allah ya ba ni.

Ka gaida lokotoro.

Innarka