Sunan da Ban Faɗa wa Faustina Ba

Kafanchan,
Ranar Alhamis.

Zuwa ga ƙanwata Nene,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar taki? Mu nan lafiya lau. Lawal tela ke rubuta mini, na kuma ce ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mini komai.

Tun shekarar da citta ta ruɓe a ƙasa gonakinmu ba su dawo daidai ba. Bana ƙungiyarmu ta manoma ta samo iri mai kyau, aka ce sai wanda ke cikin rajista. Ni aka kira, don ba gonar da ban san kakan mai ita ba daga nan har hanyar Manchok. Kwana uku ina faɗin sunaye, Faustina mai kula da kwamfutar ofis tana shigarwa.

Da takarda ta fito, kowa na ciki ban da ɗana Babayo. Nene, ban tambayi kowa ba. Na tsaya a ƙofar ofis ranar kasuwa, na ce yarinyar nan ta cire shi ne don mu Fulani ne. Mutane sun ji. Waɗansu sun fara maimaitawa, kin kuwa san garin nan da irin wannan magana.

Ba ta rama ba. Ta ce akwai wani umarni da aka ajiye cikin babbar kwamfutar, shi ke tace sunaye, kuma yana gama aikinsa kafin ƙiftawar ido, ba mai ganin inda ya bi. Sai an buɗe wata hanya da za a sa shi ya yi tafiya taki ɗaya-ɗaya. Hanyar a rufe take, izinin yana hannun ogansu Bartholomew a Kaduna. Kwana biyu tana roƙonsa a waya. Da ya yarda, sai da aka kashe na'urar aka sake kunnawa, aikin ofis ya tsaya, mutane na jira a rana, duk saboda bakina.

Jiya ta ajiye mini kujera kusa da ita. Ta sa alama inda take so umarnin ya tsaya, ya kuwa tsaya. Ta danna, ya matsa layi ɗaya. A gefe ana ganin abin da yake riƙe da shi, tana karanta mini. Kamar bin sawun saniya ne bayan ruwan sama, har na fara jin daɗin abin. Ya ɗauki gonar Babayo, daidai. Ya ɗauki lambar katin ɗan ƙasa, daidai. Sai ya gwada sunan rajista da sunan kati, suka ƙi haɗuwa, ya tsallake ya wuce.

Ta juyo a hankali ta tambaye ni ko Babayo ne sunansa na yanka. Ke kin sani, Babayo sunan alkunya ne. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifinmu ne a kansa. Ranar rajista ta tambaya har sau biyu ko haka yake a kati, na ce mata in rubutu ta zo yi ta rubuta. Jiyan ma da ta sake tambaya, sunkuyar da kai na yi. Na zauna ina kallon takalmina. Ita ce ma ta miƙo mini ruwa.

Za a rufe rabon iri ranar Asabar. Dokar ƙungiya, wadda da ni aka kafa ta, ta ce wanda ya ba da suna shi zai gyara da bakinsa a gaban kwamiti. Lawal ya ce zai faɗa a madadina, na ce a'a. In ban faɗa ba, Babayo ba zai shuka citta bana ba, ga shi ko kallon banza bai yi mini ba.

Gobe da safe zan je ofis kafin a watse daga layi, in ba Faustina haƙuri da ƙarfi yadda na baya zai ji. Sannan in shiga gaban kwamiti in faɗi sunan. Shekara arba'in da huɗu ban faɗa ba. Sau ɗaya zan faɗa, su buɗe kunne.

Ki gaishe da mutanen Sabon Tasha. Ki sa ni a addu'a.

Yayanki,
Arzika