Takarda da Mai Kawo Ta

Daga Lome

Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Ramla. Yaya damina a Tarka?

Ni lafiyata lau. Na ɗan ajiye dako ne, buhu ya goge ni a ƙafa, ba wani abu ba ne.

Kiristoci biyu muke ɗaki ɗaya da su, kullum cikin gardama suke. Kosi ɗan Katolika ne, ya ce manyan coci ne suka riƙo Littafinsu hannu da hannu tun zamanin da, saboda haka dole a saurare su. Edem ɗan Furotesta ne, ya ce masa, "Kana nan aka yi? Baki yana ƙari. Abin da aka rubuta kawai na sani." Suka ce in raba su, na ce ina ruwan biri da gada.

Mustafa na gidan Dodo ne zai kawo miki takardar nan. Ya ga ƙafar, kin kuma san bakinsa. In maganarsa ta saɓa da rubutuna, Inna, ki bi Edem, ki riƙe takarda.

Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Haris